Za mu tallafa wa ƙungiyar mata masu man gyaɗa a Tudun Wada, kuɗi za mu ba su ko inji za mu saya?

Ummu Hanif ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema, musamman wajen waɗanda suka taɓa yin harka da ƙungiyoyin mata a nan Zariya. Mu 'yan aji ɗaya ne tun sakandare, muna da gurup a WhatsApp, duk shekara mukan yi karo-karo mu raba kayan abinci da azumi, to bana sai aka ce a canza a yi abin da zai daɗe ana mora. Abin da ya taru ya kai naira miliyan 1 da dubu 200.

Akwai wasu mata a Tudun Wada su kusan 20, yawancinsu mazajensu sun rasu, sai zawarawa da matan aure kaɗan, suna yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da garin kunu na yara a gidan wata dattijuwa da kowa ke kira Inna. Abin da ya ja hankalinmu gare su shi ne ba duka ribar suke rabawa ba, duk sati akwai abin da suke warewa gefe, idan naƙuda ta kama wata mace a layinsu da dare babu kuɗin mota da shi ake kai ta asibiti, ko yaro ya kwanta da zazzaɓi a saya masa magani, kuma ba sai 'yar ƙungiya ba, duk wadda ke layin. Babu wanda ya sa su, babu wanda ke ba su ko sisi.

Yanzu kanmu ya rabu. Wasu sun ce a raba musu kuɗin kowacce ta samu dubu 60 ta ƙara jari, wasu sun ce a sayo injin markaɗe da na matsar mai a kai musu, wata kuma ta dage sai dai a yi musu rajista su zama babbar ƙungiya yadda Turawa za su riƙa turo musu tallafi. Ni dai tsorona kar mu je da niyyar gyara mu ɓata musu abin da suka gina da kansu. Wanda ya sani ya taimaka.

Maman Sadiq ta rubuta:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya saka muku. Ni sana'ata ke nan a Sabon Gari kuma ina cikin irin wannan haɗakar, don haka bari in gaya miki gaskiya, kar ku raba kuɗin nan. Dubu 60 a hannun macen da ke riƙe da marayu biyar ba jari ba ne, kafin sati biyu kuɗin haya ya ci rabi, kuɗin makaranta ya ci saura, kuma ba laifinta ba ne don ko ke ce haka za ki yi. Sannan abin da ya haɗa su shi ne tukunya ɗaya suke aiki a kai, ranar da kowa ta riƙe nata ranar za a fara ni gyaɗata daban zan soya.

Maganar inji kuma ku bi a hankali. Wanda bai taɓa yin aikin ba gani yake wahalar duk a matsa take. Eh akwai wahala kam, za ki soya gyaɗa da yashi kina juyawa kar ta ƙone, ki juye ta huce ki murje ki bakace ɓawon, a kai inji a markaɗo, sannan a zuba a turmi mata biyu su kama tuƙi ana yayyafa ruwan zafi kaɗan-kaɗan har ƙullun ya haɗe jikinsa man ya fara tasowa, idan ruwan ya yi yawa kin ɓata, idan ya yi kaɗan man ba zai fito ba, a kwashe mai a matse tunkuza a mulmula a soya ƙuli, kafaɗa da baya duk sai sun gaya miki da dare. Amma ba nan ribar ke zurarewa ba. Inda take zurarewa shi ne sayen gyaɗa tiya-tiya. Da kaka gyaɗa na araha amma ba mu da kuɗin buhu, sai mu zauna muna kallo masu kuɗi su kwashe su ɓoye, idan bazara ta yi damina ta kawo kai mu koma muna saye a hannunsu da tsada, kuma kwastoma ba zai yarda ki ƙara masa kuɗin kwalba yadda aka ƙara miki tiya ba. Ga kuɗin markaɗe da ya tashi tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, ga itace. Wata rana ki gama aikin yini guda ki lissafa ki ga ƙulin da yara za su ci ne kawai ribarki.

To amma duk wannan nawa ne na faɗa miki, nasu zai iya zama daban, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku je ku zauna da su ba tare da kun faɗi nawa kuka tara ba, kuma kar ku tafi da mai ɗaukar hoto, ku tambaye su me ya fi cin ribarsu. Ku bar ƙananan cikinsu su yi magana ba Inna kaɗai ba.

Abu ɗaya da zan ce ku duba shi ne yadda suke ajiya. Mu akwatin ƙarfe gare mu mai kwaɗo uku, makullan suna hannun mata uku daban, akwatin kuma yana ɗakin ta huɗu, ba a buɗewa sai ranar zubi a gaban kowa a ƙirga da ƙarfi kowa na ji. Wannan tsarin ba daga nesa ya zo ba, a yankin Maraɗi aka fara shi a 1991 da taimakon ƙungiyar CARE, su suke kiransa Mata Masu Dubara, daga nan ya bazu ƙasashe da yawa. Ya fi adashi don a adashi idan kin kwasa shi ke nan sai zagaye ya dawo, wannan kuwa akwai rance akwai asusun taimako daban, ƙarshen shekara a fasa a raba kowa gwargwadon zubinta.

Malam Bala Ƙofar Doka ya rubuta:

Hajiya Ummu Hanif sannunku da ƙoƙari. Na yarda da Maman Sadiq kar a raba, amma ni inda na fi damuwa shi ne kuɗin nan amanar mutane ce kuka karɓo, gobe wani zai tambaye ku ina aka kwana. Don haka ko me za ku yi a rubuta. Su buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, mutum uku masu sa hannu, ba asusun Inna ba kuma ba na ɗanta ba. Ba zargi nake ba, mutuwa ake ji, ranar da ta faɗi magada za su ce kuɗin uwarsu ne kuma babu takardar da za ta ƙaryata su.

Rajista iri biyu ce mutane ke haɗawa. Akwai ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta tarayya, wadda ake yi wa ƙungiyoyin agaji da amintattu, tana da kashe kuɗi da buga sanarwa a jarida da rahoton shekara-shekara, wannan ta yi musu nauyi yanzu. Akwai kuma ta ƙungiyar gama kai da ake yi a matakin jiha, ita ce daidai da masu sana'a tare suna raba riba, kuma da satifiket ɗinta banki zai buɗe musu asusu. Ita nake ba da shawara.

Inji kuwa tambayoyi ne da shi. Wa zai riƙa tayar da shi, idan ya lalace wa zai biya gyara, da wace wutar zai yi aiki, idan na dizal ne nawa zai sha a yini, a filin wa za a kafa shi. Na ga injin da aka kai wa mata a wata unguwa da biki da kiɗa, yau yana zaure an rufe shi da buhu saboda bel ya tsinke an rasa mai cewa ni zan saya, ƙarshe mijin mai gidan ya ce ai a gidansa yake. Idan har za a saya to a je Samaru a nemi shawarar mutanen IAR, cibiyar binciken aikin gona ta ABU, su ne masu binciken gyaɗa tun asali, irin gyaɗa na SAMNUT ɗin nan duk daga wajensu ya fito, kuma suna da masu harkar injinan sarrafa amfanin gona, gara wanda makanikin gida zai iya kwancewa da wanda sai an aika Legas neman kayan gyara.

Ra'ayina a ba su a matsayin rance marar ruwa, su biya a hankali cikin shekara biyu, abin da ya dawo a ba wata ƙungiyar. Mutum ya fi kula da abin da ya san zai mayar. Kuma a kiyaye maganar ƙari a kan bashi, don wasu masu akwatin suna ɗora wani abu a kan rance, a tambayi malamai a tsara shi yadda babu riba a ciki, tunda har bankuna irin Jaiz suna aiki ba ruwa tun 2012 ai ƙungiyar mata 20 ba za ta gagara ba.

Bazazzagiya a Amurka ta rubuta:

Malam Bala Allah ya ƙara girma, maganar asusu da rubutu babu musu, amma maganar rance ban bi ka ba. Matan nan fa shekara da shekaru suna cirowa daga bakinsu suna kai matan wasu asibiti babu wanda ya ce su kawo rasit, yanzu don za a ba su abin da bai kai kuɗin tsohuwar mota ba sai a ɗora musu bashi a ka? Wa ya fi su nuna riƙon amana a cikinmu?

Ina aiki da ƙananan ƙungiyoyi a nan kuma abin da nake gani kullum ke nan, ƙungiyar da mace baƙar fata ko 'yar ci-rani ke jagoranta ita ake ba kuɗi mafi ƙanƙanta, ita kuma ake nema da rahoto mafi tsawo, ta cike fom ta kawo hoto ta zo mitin, kuma a rubuta mata cewa ba a yarda ta ɗauki albashi daga ciki ba. Sai ki ga mace tana ciyar da unguwa guda ita kuma hawan jini na cin ta, ranar da ta kwanta komai ya tsaya. Don haka duk abin da za ku yi ku sa ladan masu aikin a lissafi, wadda ke riƙe littafi a biya ta, Inna da ake ƙona mata itace da tsakar gida a ba ta wani abu, ba sadaka ba ce haƙƙi ne.

Ita kuma mai cewa a yi rajista don Turawa su turo kuɗi, ta dubi abin da ya faru a 2025 da gwamnatin Amurka ta rufe hukumarta ta ba da agaji USAID, ayyuka nawa suka tsaya cak a Najeriya. Ko a nan cikin Amurka akwai wani asusu a Atlanta mai suna Fearless Fund da yake ba mata baƙaƙe masu sana'a kyautar dala dubu 20, aka maka su kotu a 2023 cewa wariya ce, zuwa Satumbar 2024 suka rufe shirin. Kuɗin waje yau akwai gobe babu.

Baƙaƙen matan ƙasar nan sun daɗe da sanin haka. A 1903 wata mata Maggie Lena Walker ta kafa banki a garin Richmond, ita ce mace baƙar fata ta farko da ta yi hakan a Amurka, kuma da kwabban masu wanki da masu aikatau aka gina shi, har yara ake ba ƙananan asusu su tara. Ita kuma Fannie Lou Hamer a 1969 ta kafa gonar haɗaka a Misisifi don talakawan da aka kora daga gonakin fararen fata su samu abin ci da wurin zama, ta fara da eka 40 ta kai ɗaruruwa, amma da yake yawancin kuɗin gudummawa ce daga nesa, da masu bayarwa suka ja baya ga ambaliya ga rashin lafiyarta sai gonar ta rufe a 1976. Ni abin da nake so ku ɗauka shi ne ku ba su kyauta su tsaya da ƙafarsu, sannan ku zama kwastomominsu. Ku nawa ne a gurup ɗin nan? Kowace ta daina sayen mai a kanti ta yi oda wajensu duk wata, ta biya lakadan ba bashi ba, kuma ba tare da neman ragi don an taimaka musu ba.

Sista Rabi ta rubuta:

Salam. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a matakin farko, zan yi magana ta ɓangarena.

Idan za a sayi gyaɗa buhu-buhu a ajiye to wallahi a kula da ajiyar. Gyaɗar da ba ta bushe sosai ba ko aka jibge ta a ƙasa mai danshi tana yin fumfuna, fumfunar nan tana haifar da wata guba da ake kira afilatoksin, tana lalata hanta tana hana yara girma, kuma suya ba ta kashe ta, a ƙulin ma ta fi zama. Tunda har garin kunun yara suke yi wannan ba abin wasa ba ne. A ɗora buhunan a kan katako nesa da bango, ɗakin ya zama iska na shiga rufin ba ya zuba, kuma kafin suya a zauna a tsince duk wadda ta yamutse ko ta canza kala ko ta yi ɗaci a zubar, kar a ce asara ce a ba kaji ko a haɗa a markaɗe.

Na biyu wanda ban ga kowa ya taɓo ba. Idan sana'ar ta ƙaru wa zai sayar? Don a unguwanninmu mace na cikin gida, yarinya ce ke ɗaukar faranti. Ina jin tsoron ku ninka musu ƙuli ku wayi gari kun ninka yaran da ke talla a tasha da bakin Kwangila lokacin da ya kamata suna aji, kuma mu da ke asibiti mun san abin da ke samun wasu yaran a wajen tallan nan, ba zan faɗa a nan ba. Ku yi maganar da iyayen a fili, ba da faɗa ba don ba son ransu ba ne, a nemo masu shago da za su riƙa sara a gida. Akwai Centre for Girls' Education a nan Zariya da suka daɗe suna aikin riƙe yara mata a makaranta a ƙauyukan kewaye, za su iya ba ku shawara kan yadda ake shawo kan iyaye.

Asusun naƙudar kuma kar ku cika shi da kuɗinku har su ji ba sai sun zuba ba. Abin da zai fi amfani a samu mai keke napep biyu a layin da aka yi magana da su tun da rana, lambarsu na wajen kowa, sun san ko ƙarfe biyun dare aka kira za su fito kuma kuɗinsu na nan, don jini idan ya ɓalle wa mai haihuwa awa biyu ma ya isa ya kashe ta, neman abin hawa zuwa asibitin Gambo Sawaba ko na Shika shi ke cinye lokacin. Kuma su riƙa tura masu ciki awo tun da wuri, su je ofishin KADCHMA su ji yadda tsarin inshorar lafiya na jiha yake ko akwai wanda zai dace da su.

Baba Ɗanladi Samaru ya rubuta:

Ummu Hanif 'yata Allah ya yi albarka. Asibitin da Sista ta ambata sunan Hajiya Gambo Sawaba yake ɗauke da shi, mu mun ganta da idonmu kafin rasuwarta a 2001, bayan ɗaurin da ta sha a NEPU gidanta a Sabon Gari bai taɓa rabuwa da marayu da marasa galihu ba. Kuma a ABU ɗin nan aka yi taron 1982 da ya haifar da ƙungiyar Women in Nigeria. Matan garin nan ba yau suka fara ba, don haka ku je musu da ladabi, kuma kar ku canza musu shugaba ko ku sa 'yar boko a kansu don ta iya Turanci. Ku gaida mai unguwa ya san da maganar, ya zama shaida kawai, kar kuɗi ya bi ta hannun kowane namiji har ni da nake faɗa.

Ummu Hanif ta rubuta:

Na gode ƙwarai jama'a, na tura duk maganganunku gurup. Mun je mun zauna da su kamar yadda Maman Sadiq ta ce, ba mu faɗi adadi ba. Inji dai sun ce ba yanzu ba, wai mai injin layinsu yana ɗaga musu ƙafa idan babu kuɗi kuma ba sa son abin da zai kawo musu rigimar maza a gida. Gyaɗar kaka suka fara ambata kafin mu rufe baki. Sai wani ɗaki a gidan Inna da rufinsa ke zuba suna so a gyara a yi masa siminti, sai murhun da ba ya hayaƙi sosai don biyu daga cikinsu tari ya dame su. Wata ƙarama a cikinsu da ta yi shiru tun farko ita ce ta ce su fa babbar matsalarsu masu karɓar mai bashi, har da matan manya, sai an yi ta aike kafin su biya, kowa ya yi shiru don sun san da su wa take.

Littafi kuma ashe suna da shi, 'yar ɗaya daga cikinsu ce da ta gama sakandare take rubutawa a littafin makaranta, kowace naƙuda da aka kai da abin da aka kashe duk yana ciki, ba a taɓa ba ta komai ba. Mun tsayar za a riƙa ba ta wani abu duk wata. Maganar talla Sista, sun ce yara huɗu ne ke fita kuma idan aka samu masu sara za su daina.

Inda har yanzu ba mu daidaita ba shi ne rance ko kyauta. Inna da kanta ta ce ita ta fi son su mayar da rabi don kar a ce an ba su sadaka, sauran kuma ba su ce komai ba a gabanta.

Malam Bala Ƙofar Doka ya rubuta:

To Hajiya ga tsakiya, gyaran ɗaki da murhu da ladan yarinya su zama kyauta, kuɗin gyaɗa kuma idan sun sayar su mayar da uwar kuɗin cikin asusunsu na banki ba naku ba, a ajiye shi don sayen gyaɗar kaka mai zuwa, kun ga ba ku karɓi komai ba kuma jarin bai narke ba. Amma a sake tambayar sauran matan ranar da Inna ba ta wurin. Zan rubuta muku yarjejeniyar da Hausa shafi ɗaya a karanta musu kowa ta ji kafin ta dangwala.

Bazazzagiya a Amurka ta rubuta:

Wannan na yarda da shi Malam. Ummu Hanif ki sa ni a galan ɗaya duk wata a kai gidanmu a Gyallesu, zan turo kuɗin wata shida gaba ɗaya. Masu shago a Samaru da Kongo fa, akwai wanda ya san mai karɓar ƙuli duk sati ya biya nan take? Ɗalibai na shan gari da shi sosai, a fara da shago biyu a gani kafin kaka ta shigo.